Wasan Yaƙin Basasar Amurka: "Da A Ce" Ma Tana Da Ƙa'ida

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, muna roƙon fili a shafin wasiƙu don mu yi magana kan wani nau'in wasan kwamfuta da ake yanke wa hukunci ba tare da an leƙa cikinsa ba. Muna nufin wasannin dabarun yaƙi na bi-da-bi da aka gina kan yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865, inda ɗan wasa ɗaya ke riƙe gwamnatin Tarayya ta Abraham Lincoln, ɗayan kuma, mutum ne ko kwamfuta, ke riƙe jihohi 11 na Kudu da suka ɓalle a ƙarƙashin Jefferson Davis. Ƙorafin da ake yawan ji shi ne wai suna koyar da tarihin ƙarya, tunda a cikinsu Birtaniya na iya shiga yaƙin, Lincoln na iya faɗuwa zaɓe, Kudu ma na iya tsira. A ganinmu sauya tarihi ba shi ne laifin ba, domin in wasa ba zai iya kauce wa littafi ba, babu amfanin buga shi. Abin dubawa shi ne yadda aka ɗinka waɗannan al'amura na "da a ce": daga abin da ke gudana a kan taswira suka tsiro, ɗan wasa ya biya farashinsu, ko kuwa daga sama aka jeho su?

Bari mu fara da yadda abin yake aiki. A wasannin yaƙin basasar na kamfanin AGEOD, alal misali, zagaye ɗaya kwana 15 ne, wato zagaye 24 a shekara, kusan 96 daga harbin sansanin Sumter a Afrilun 1861 zuwa miƙa wuyan Janar Lee, babban kwamandan Kudu, a Afrilun 1865. A farkon kowane zagaye manhaja tana bin jerin al'amuran da aka rubuta mata ɗaya bayan ɗaya. Kowanne yana da zagayen da zai fara aiki da wanda zai daina, da sharuɗɗan da dole su cika (wane ne ke riƙe da gari kaza, janar kaza yana raye ko ya mutu), da kason sa'ar faruwarsa cikin ɗari. In ya faru, saƙo ya bayyana da zaɓi biyu ko uku, kowanne da abin da zai ci da abin da zai bayar. A ƙarshe sai a kafa alama a cikin manhaja cewa wannan ya riga ya faru, domin kada ya maimaitu, kuma domin wasu al'amura na gaba su rataya a kansa.

Kuskuren da ya fi kowanne yawa a wajen kason sa'a yake. Mai rubutawa zai ce yiwuwar Birtaniya ta shiga yaƙi kaɗan ce, sai ya sa kashi 2 cikin ɗari, ya manta cewa a kowane zagaye ake gwadawa. Kashi 2 a zagaye 96 yana taruwa ya kai kusan kashi 86. Kashi 5 a shekara ɗaya kawai ya haura kashi 70. Abin da aka so ya zama na ba-safai-ba sai ya koma ruwan dare. Daga baya ake fara lissafin: a yanke yawan yiwuwar da ake so a dukan tsawon lokacin, sannan a raba. Wanda yake son abu ya faru sau 30 cikin wasa 100 a tsakanin zagaye shida, kashi 6 zai sa a kowane zagaye, ba 30 ba.

Kentucky ita ce misalin da ya fi nuna bambancin aikin gwani da na ɗan koyo. A watan Mayun 1861 jihar ta ce ba ta bayan kowa. Haka aka zauna har farkon Satumba, lokacin da Janar Leonidas Polk na Kudu ya mamaye Columbus a bakin kogin Mississippi, Janar Grant na Tarayya ya rama da kama Paducah ranar 6 ga watan, majalisar jihar kuma ta koma bayan Tarayya. Hanya mai sauƙi ita ce a rubuta: duk wanda ya fara taka ƙasar Kentucky ya miƙa ta ga abokin gaba. Sai dai 'yan wasan duka biyu sun san wannan, don haka babu mai shiga, fagen yamma ya daskare har shekara ta ƙare. Abin da ya ɓace shi ne dalilin da ya sa Polk ya yi gaggawa. Lokaci ba ya tare da Kudu: a zaɓen watan Yuni masu goyon bayan Tarayya sun cinye kujeru 9 cikin 10 na jihar a majalisar ƙasa, a Agusta kuma suka mamaye majalisar jihar. Saboda haka a yi ma'auni, ya fara a 50, ya riƙa hawa da maki 3 kowane zagaye, in ya kai 75 jihar ta bi Tarayya da kanta. Zagaye tara ke nan, wajen farkon Oktoba. Yanzu ɗan wasan Kudu yana da abin tunani: ya jira a kulle masa ƙofa, ko ya yi wuf ya kama tudun Columbus ya ɗauki baƙin jinin? Ɓangaren Tarayya ma a ba shi nasa tarkon. Ranar 30 ga Agusta Janar Frémont ya yi shelar 'yanta bayin 'yan tawaye a Missouri, Lincoln ya soke ta saboda tsoron rasa Kentucky. A bai wa ɗan wasa zaɓin barin shelar, ya sami karsashin masu adawa da bauta, ma'aunin Kentucky kuma ya faɗi da maki 15. Ta wannan hanya jihar tana iya tafiya Kudu, kuma kowa zai ga dalilin tafiyarta.

Sai babbar magana, shigar Turai. A nan ne wasanni suka fi yin ƙarya, a nan ne kuma tarihi ya fi ba da kayan aiki. Ranar 8 ga Nuwamban 1861 Kyaftin Charles Wilkes na jirgin San Jacinto ya tare jirgin wasiƙun Birtaniya mai suna Trent, ya sauke jakadun Kudu biyu, James Mason da John Slidell. Landan ta harzuƙa. Ta tura sojoji kimanin 11,000 zuwa Kanada, ta hana fitar da sinadarin haɗa albarushi da Tarayya ke saye daga Indiya ta hannun 'yan kasuwar Ingila, ta kuma ba da wa'adin kwana bakwai. Yarima Albert, mijin Sarauniya Victoria, yana kwance cikin ciwon ajalinsa, ya sassauta lafazin wasiƙar. Kafin ƙarshen Disamba gwamnatin Lincoln ta amince ta saki mutanen biyu.

Rubutun ragwaye shi ne: ka ƙi sakinsu, zagaye na gaba rundunar Birtaniya ta sauka a Virginia. Ba haka ƙasa ke shiga yaƙi ba. Matakai ne, kuma kowanne ya kamata ya zama al'amari mai zaman kansa da ke rataye a kan alamar na gabansa. Na farko ya riga ya faru a Mayun 1861, da Birtaniya ta yi shelar tsaka-tsaki, abin da ya ɗauki Kudu a matsayin ɓangare mai yaƙi ba tare da an amince da ita a matsayin ƙasa ba. Bayansa akwai tayin sulhu, sai amincewa da 'yancin Kudu, sai karya ƙawanyar da sojan ruwan Tarayya ya yi wa tashoshin Kudu, sannan yaƙi. A ma'auni mai maki 100 ana iya ajiye su a 50, 70, 85 da 100. Ƙin sakin jakadun ya ƙara 30 ya kuma rage wa Tarayya harsasai har sai an sasanta, sakinsu ya ci maki 3 na karsashin jama'a. Kuma ko an kai ga yaƙin, a ba Kudu abin da Birtaniya ke iya bayarwa da gaske, wato jiragen ruwa, buɗe tashoshi, kuɗi da makamai. Sojan ƙasa kaɗan ne, kuma a Kanada za su tsaya. A hunturun nan kogin St Lawrence ya daskare, sai da aka ratsa da dubban sojoji ta New Brunswick a kan kekunan ƙanƙara. Wasan da ya ba da ɗauki a zagaye ɗaya cikin Janairu bai duba taswira ba.

Ma'aunin kuma dole ya san hanyar sauka. Birtaniya tana sayen alkama mai yawa daga jihohin Tarayya, Kanada tana buɗe ga hari, jama'a da dama kuma suna ƙyamar bauta. A rubuta masa saukar maki ɗaya kowane zagaye in babu sabon rikici. Ita Faransa kada a ba ta ma'auni nata daban. Napoleon na Uku ya so a sa baki, har ya kawo shawarar tsagaita wuta na wata shida a ƙarshen 1862, amma da Landan ta ƙi bai amince da 'yancin Kudu shi kaɗai ba, ga shi kuma hannunsa ya cika a Meziko. Sharaɗin farko na duk al'amarin Faransa ya zama alamar Birtaniya.

Auduga ma akwai lokaci a cikinta. A 1861 Kudu ta riƙe audugarta don ta matsa wa masaƙun Ingila, daidai lokacin da ƙawanyar ba ta yi ƙarfi ba, da za ta iya sayarwa ta sayi bindigogi. Rumbunan Ingila kuwa cike suke da amfanin 1860. Yunwar auduga ba ta ciji Lancashire, cibiyar masaƙun Ingila, sosai ba sai 1862, daga baya kuma Indiya da Masar suka fara cike gurbin. To, zaɓin riƙe auduga ya rage kuɗin shiga nan take, amma kada ya taɓa ma'aunin Birtaniya sai bayan zagaye 20 ko fiye, ya yi tashe a rabin ƙarshe na 1862, sannan ya dusashe. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa. Amma in nasarorin soja sun zo daidai wannan tsakanin, cacar tana iya biya, kuma wannan "da a ce" ce mai tushe, domin a Satumban 1862 firaministan Birtaniya Palmerston da ministan harkokin wajensa Russell suna musayar wasiƙu kan tayin sulhu, suna jiran su ga yadda shigar Lee Maryland za ta ƙare.

Wannan ya kawo mu ga takardar umarni mai lamba 191, wadda sojojin Tarayya suka tsinta kusa da Frederick ranar 13 ga Satumban 1862, an naɗe sigari uku da ita, tana nuna yadda Lee ya rarraba rundunarsa. Masu rubutu suna ƙaunar wannan labari, sai su ɗaure shi da kwanan wata. Sakamakon abin dariya ne: saƙo ya fito cewa an tsinci takardar Lee a Maryland alhali a wannan wasan rundunarsa tana Tennessee. A cire kwanan watan, a mai da shi ƙa'ida ga kowa. Duk rundunar da ta rabu kashi uku ko fiye a ƙasar abokin gaba tana da kashi 4 cikin ɗari a zagaye na yar da takarda, abin da zai faru kuma shi ne a yaye duhun taswira a kanta, abokin gaba ya ga inda take, na zagaye ɗaya. Labari kawai aka bayar. In janar ɗin da ya samu mai nawa ne irin McClellan, kwamandan Tarayya da takardar ta shiga hannunsa, nawarsa tana nan. Haka shelar 'yanta bayi: Lincoln ya nuna wa ministocinsa daftarinta tun Yulin 1862, ministan harkokin waje Seward ya ba da shawarar a jira nasara, sai bayan gumurzun Antietam ranar 17 ga Satumba ya fitar da ita ranar 22. Sharaɗinta ke nan, babbar nasara a fagen gabas, ko a wane wata ta zo. Amfaninta shi ne ta yi wa ma'aunin Birtaniya rufi ta kuma buɗe ɗaukar baƙaƙen fata a soja, waɗanda suka kai kusan 180,000 kafin ƙarshen yaƙi. Farashinta fushin jihohin kan iyaka da ƙarin ƙarfin jam'iyyar adawa ta Democrat.

Maganar janar-janar ba ta buƙatar dogon bayani. Kashe janar ɗin Kudu Stonewall Jackson a watan Mayun 1863 don kawai littafi ya ce haka zalunci ne ga ɗan wasan da bai kai shi Chancellorsville ba. A sa haɗarin a kowane gumurzu, ga kowane janar. Abin da ake mantawa shi ne sarƙar da ke biye. Lee bai karɓi runduna ba sai da aka raunata Joseph Johnston a Seven Pines ranar 31 ga Mayun 1862. In ba a raunata shi ba, sai manhaja ta bar Lee a ofis a Richmond, babban birnin Kudu, har abada, sai dai in an tanadi wata ƙofa, kamar ɗan wasa ya sauke Johnston ya biya farashin siyasa. Kuma rayuwar Jackson ba za ta sauya lissafin mutum kusan miliyan 22 a gefe ɗaya da miliyan 9 a ɗaya gefen ba, waɗanda kusan miliyan 3.5 cikinsu bayi ne.

Akwai zaɓi ɗaya da muke ganin ƙorafin masu suka ya yi daidai a kansa, wato maɓallin da ke bai wa Kudu damar 'yanta bayi ta sa su a soja tun 1862, a sami runduna sabuwa da goyon bayan Turai a ɓagas. Wannan ya shafe dalilin yaƙin gaba ɗaya. Tsarin mulkin Kudu ya kare bauta ƙarara. Da Janar Patrick Cleburne ya kawo irin wannan shawara a Janairun 1864, Davis ya sa aka danne ta. Majalisar Kudu ba ta amince da ɗaukar bayi a soja ba sai ranar 13 ga Maris 1865, ƙasa da wata guda kafin faɗuwar Richmond, kuma dokar ba ta yi alkawarin 'yanci ba. In za a sa zaɓin, a kulle shi har sai Kudu ta rasa manyan birane da yawa, ya zo da faɗuwar karsashi mai tsanani, gudun soja, da yiwuwar gwamnoni su janye dakarun jihohinsu. Wasan da ya sayar da shi da araha ya cancanci duk sukar da aka yi masa.

Zaɓen 1864 shi ne ainihin hanyar tsirar Kudu, don haka ya cancanci kulawa. A Agusta Lincoln da kansa ya rubuta cewa da wuya ya koma. Sai Atlanta ta faɗi ranar 2 ga Satumba, ranar 8 ga Nuwamba ya sami wakilan zaɓe 212, abokin takararsa McClellan na Democrat 21 daga Kentucky, Delaware da New Jersey. Kada a bar wannan a hannun sa'a kaɗai. A tara maki daga biranen da Tarayya ke riƙe, irin su New Orleans, Vicksburg, Chattanooga, Atlanta da Richmond, a cire asarar sojoji ta zagaye 12 na ƙarshe da yawan tilasta shiga soja, wanda ya jawo tarzomar New York a Yulin 1863, sannan sa'a ta taɓa sakamakon da abin da bai wuce kashi 10 ba. A kuma nuna wa 'yan wasan duka biyu ma'aunin tun farkon shekara, domin sauya Johnston da Hood a kan rundunar Kudu mai tsaron Atlanta ranar 17 ga Yuli ya zama zaɓi mai nauyi: mai ja da baya yana adana soja, ko mai kai hari? Kuskuren da aka saba shi ne rufe wasa a ranar zaɓe. Ko Lincoln ya faɗi yana kan kujera har 4 ga Maris 1865, kusan zagaye takwas, kuma a cikin irin wannan lokacin ne Janar Sherman na Tarayya ya ratsa Georgia ya kama Savannah. Shi McClellan ma ya nesanta kansa daga ƙudurin neman sulhu da jam'iyyarsa ta zartar a Chicago. Faɗuwar Lincoln buɗe sabon reshe take yi, sai a sake duba taswira a watan Maris kafin a ce an tsagaita wuta.

Sauran matsalolin na aikin hannu ne, amma su ne ke lalata wasan da aka shafe makonni ana bugawa. A manta da kafa alama, sai rikicin Trent ya riƙa dawowa kowane zagaye har ma'aunin ya cika. A manta da duba wanda ke riƙe da gari, sai sabuwar rundunar Kudu ta ɓullo a tsakiyar Nashville da ke hannun Tarayya, a hallaka ta nan take. Maganinsa a jera garuruwa uku, manhaja ta ajiye ta a na farkon da ke hannun masu ita. Akwai tsarin karatu: in al'amarin ƙarin girma ya riga na mutuwa a cikin jeri, za a naɗa gawa kwamanda. Wasan da ya fara daga 1863 kuma dole a kafa masa alamomin 1861 da 1862 da hannu, in ba haka ba Kentucky ta sake komawa tsaka-tsaki. Ga kuma ɗan wasan da ke adana wasa kafin zagaye ya yi ta sake buɗewa har sa'a ta faɗo yadda yake so. A adana lambar da lissafin sa'a ke tashi daga gare ta tare da wasan, sake buɗewa ba zai canza komai ba. Ita kwamfuta in ba a ba ta nauyin zaɓi ba, na farko take ɗauka kullum. A ba ta kamar 70 ga abin da ya faru a tarihi, 30 ga ɗayan, kuma halin da take ciki ya riƙa motsa lambobin.

Gwajin da ke tona asirin duk wannan shi ne a bar kwamfuta ta buga da kwamfuta sau 100, manhaja tana rubuta kowane al'amari da zagayen da ya faru. In Birtaniya ta shiga yaƙi sau 40, a koma kan lissafi. In wani al'amari bai taɓa fitowa ba, akwai sharaɗin da ba ya cikuwa, galibi sunan gari ne aka rubuta ba daidai ba ko alamar da babu mai kafa ta. In kuma duk wasan da zaɓi kaza ya fito ɓangare ɗaya ne ke cinyewa, farashinsa ya yi kaɗan, a ƙara shi a sake gwadawa.

Mun gode da wannan fili. Wassalam.

Naku,
Wasu masu rubutawa da gwada wasannin dabarun yaƙi